An Cire Mafitsara, Sai Kuma Me? Ilmantar da Maras Lafiya da Tallafa Masa Bayan Tiyata



Da kwamitin shirye-shirye ya nemi mu, 'ya'yan wannan gari da ke aikin lafiya, mu kawo batun da za a tattauna a taron bana, mun daɗe muna ja-in-ja a tsakaninmu. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce hawan jini. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wani batu da ba a saba jin sa a bainar jama'a ba, wato halin da mutum yake shiga bayan an yi masa tiyata an cire masa mafitsara. Mun san maganar fitsari ba ta da daɗin faɗi a gaban iyaye da surukai, don haka muna neman afuwa tun kafin mu yi nisa. Amma kunyar nan da ta hana mu magana ita ce take tsare wasu bayin Allah a cikin ɗaki, ƙarshenta har ta kai su kushewa.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne wani dattijo manomi da wasunmu suka yi jinya a 'yan shekarun baya. An gano yana da ciwon daji a mafitsara, 'ya'yansa suka sayar da gona da shanun huɗa, aka kai shi wani babban asibiti a birni, aka yi aiki, aiki kuma ya yi kyau. Aka sallame shi da 'yan jakunkunan fitsari da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, da wata takarda da aka rubuta da Turanci. Kafin wata biyu jakunkunan sun ƙare. Ya koma yana ɗaura tsumma da leda a ciki, fatar wurin ta saɓule, zarni ya kama tufafinsa. Ya daina zuwa masallaci, ya daina zama a dandali, ya ce a daina shigo masa da baƙi. Lokacin da aka dawo da shi hannunmu, zazzaɓi ya riga ya ci ƙarfinsa, ƙwayoyin cuta sun hau ƙoda. Da muka tambaye shi ko an nuna masa yadda ake canza jakar, sai ya ce an nuna wa ɗansa sau ɗaya, ɗan kuwa ya koma Legas wajen nema. Ba mu kawo wannan labari don mu ɗora wa wani laifi ba, domin mu ma ma'aikatan lafiya ne, mun san sau nawa muka sallami maras lafiya cikin gaggawa saboda wani na kwance a ƙasa yana jiran gadon.

Wani zai ce ina ruwan garinmu da wannan aiki da sai manyan asibitoci ake yin sa? Ruwanmu a ciki shi ne tsargiya. Kowa a nan ya san yaron da ke wanka a kududdufi ko a bakin madatsa ya dawo yana fitsarin jini, har a wasu wurare ana ɗaukar abin alamar balaga ce. Tsutsar da ke kawo wannan cuta, wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara gano ta a Alƙahira a shekarar 1851. Tana renon kanta a jikin ƙananan katantanwa na ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwayayen nan su ne ke maƙalewa a bangon mafitsara suna gurzar sa shekara da shekaru, har wurin ya rikiɗe ya zama daji. Tun a 1911 wani likita a Masar ya lura da wannan dangantaka, kuma a 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. A ƙasashen Turai da Amurka taba sigari ce kan gaba wajen kawo ciwon, kuma galibi tsofaffi yake kamawa. Mu a nan, inda noman rani ya bunƙasa a kewayen madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da Goronyo, yakan kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, yana da ƙananan yara. Rahotannin likitocin asibitin koyarwa na Sakkwato sun nuna cewa ciwon dajin mafitsara yana sahun gaba a cikin waɗanda ke kama maza a wannan yanki. Ga shi kuma irin da tsargiya ke kawowa bai cika jin maganin ƙarin ruwa ko gashi ba, don haka idan ya kama naman bangon mafitsara, mafita mafi ƙarfi ita ce a cire ta ɗungurungum.

To, idan an cire mafitsara, ina fitsari zai bi? Nan ne ya kamata ilmantarwa ta fara, tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda wani likitan Amurka, Eugene Bricker, ya bayyana a 1950. Ana yanko guntun ƙaramin hanji kamar tsawon taƙi guda, wato santimita 15 zuwa 20, a ɗinke bututan nan biyu da ke saukowa daga ƙoda a jikinsa, a fito da bakinsa ta fatar ciki, galibi ta ɓangaren dama ƙasa da cibiya. Wannan baki shi likitoci ke kira sitoma, mu kuwa a nan za mu kira shi ƙofa. Fitsari yana ɗiga ta nan dare da rana, mutum ba ya jin zuwansa, ba ya kuma iya riƙe shi, sai jakar da aka manna a fata ta tare shi. Akwai wata hanyar da ake ɗinka sabuwar mafitsara da hanji a haɗa ta da mafitar fitsari ta asali. Cibiyar ƙoda da mafitsara ta Mansura a Masar, wadda aka buɗe a 1983 ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ghoneim, ta yi suna a wannan fanni. Mai irin wannan ba ya ɗaukar jaka, amma sai ya koyi yin fitsari da agogo, domin sabuwar mafitsarar ba ta gaya masa ta cika, kuma yakan yi fama da yoyo da dare, wani ma sai ya riƙa zura roba da kansa. Akwai kuma hanyar da ake karkatar da fitsarin zuwa ƙarshen babban hanji ya riƙa fita tare da bayan gida, wadda wasu likitoci a Afirka ke zaɓa saboda wahalar samun jaka, amma ita ma tana da nata sharuɗɗan da gwaje-gwajen jini da ba a wasa da su. Likita ne zai faɗi wadda ta dace da jikin mutum. Abin da muke cewa shi ne, haƙƙin maras lafiya ne a zaunar da shi a yi masa wannan bayani da harshen da yake mafarki da shi, ba a miƙa wa ƙaninsa takarda a ce ya sa hannu ba.

A cikin bayanin nan akwai abin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ci wa mutane rai daga baya. Idan namiji ne, ana cire mafitsara tare da ƙwayar nan da ke ƙarƙashinta, wadda ake kira furostet, don haka ba zai ƙara haihuwa ta hanyar da aka saba ba, kuma sau da yawa ƙarfin kusantar iyali yakan ragu ko ya tafi. Idan mace ce, sau da yawa ana haɗawa da mahaifa. Mun ga magidancin da bai san haka ba sai bayan wata shida, ya ɗauka sammu aka yi masa, ya shiga bin bokaye da sauran kuɗin da ya kamata ya sayi jaka da su. Da an gaya masa tun farko, a kuma gaya wa maiɗakinsa a gabansa, da an rage zargi da rigima a wannan gida, domin akwai taimakon da likita zai iya bayarwa idan aka tambaya.

Wani ƙaramin abu da ke da babban tasiri shi ne zaɓen wurin da za a fito da ƙofar. Ƙa'ida ita ce kafin ranar aiki a duba cikin mutum yana tsaye, yana zaune, yana sunkuye, a sa alama a wurin da fata take a shimfiɗe babu lanƙwasa, inda idonsa zai iya gani, hannunsa ya kai. Littattafan da muka karanta a makaranta an rubuta su ne don mai zama a kujera yana ɗaura bel. Mutuminmu kuwa yana zama a tabarma ya harɗe ƙafa, yana tsugunawa, yana ɗaure wando da mazagi, yana duƙawa da fartanya, yana ruku'u da sujada sau da dama a yini. Matarmu tana ɗaura zani ta tamke a ciki, tana goyo. Idan ƙofar ta faɗa daidai inda mazagi ko bakin zani ke bi, to jakar ba za ta zauna ba har abada, kuma babu gyara sai da wata tiyatar. Muna roƙon 'yan'uwanmu ma'aikata su sa maras lafiya ya zo da irin tufafin da yake sawa kullum, ya yi duk waɗannan motsi a gabansu kafin su ɗiga alamar. Aikin minti goma ne.

Kada kuma a ɓoye wa iyali cewa wannan babban aiki ne. Wani bincike da aka wallafa a 2009 daga wani shahararren asibitin ciwon daji a birnin Niyu Yok ya bi diddigin mutum 1,142 da aka cire wa mafitsara, aka tarar kashi 64 cikin ɗari sun sami wata matsala, ƙarama ko babba, cikin kwana 90 na farko. Wannan fa a inda babu abin da aka rasa ke nan. Ma'anarsa, dawowa asibiti bayan sallama ba alama ce ta an yi kuskure ko aiki ya ɓaci ba, abu ne da ya kamata a sa rai da shi, a ware masa kuɗin mota tun ana lissafin kuɗin tiyata. Yawancin matsalolin kuwa, hanji ne ke yin nauyin tashi, ko ƙwayoyin cuta su shiga, ko jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Shi ya sa a yanzu ake tayar da maras lafiya ya zauna, ya taka, tun washegarin aiki, har a ba shi cingam ya tauna don hanji ya farka, a kuma ci gaba da yi masa allurar hana daskarewar jini har kusan mako huɗu. Mun sha ganin mai jinya ta hana maras lafiya motsi saboda tausayi, tana faɗa da nas wai ba ta da imani. Laifinmu ne da ba mu gaya mata dalili ba.

Yanzu bari mu zo ga jakar kanta, domin a kanta rayuwar mutum za ta rataya. Ra'ayinmu, kuma mun tsaya a kansa, shi ne kada a sallami kowa sai ya cire jaka ya manna sabuwa da hannunsa, a gaban ma'aikaci, ba sau ɗaya ba. Kallo ba koyo ba ne. Sannan a koya wa mutum na biyu, wanda yake kwana gida ɗaya da shi, ba ɗan da ya zo daga birni ya biya kuɗi zai koma jibi ba. Abubuwan da za a koya ba su da wuya. Ana zubar da fitsarin idan jaka ta kai sulusi ko rabi, kada a bari ta yi nauyi ta ɓamɓare. Ana canza ta kamar sau biyu a mako, da sassafe kafin a sha ruwa, lokacin da ɗigar take da sauƙi. Ana wanke fatar da ruwa mai tsabta kawai, a bari ta bushe sarai, ba a shafa man shanu ko man kaɗanya ko basilin, domin maiƙo ke hana danƙon kamawa. Ramin da ake yankawa a jikin jakar ya zama daidai da faɗin ƙofar, in ya yi faɗi fitsari zai kwanta a fata ya ci ta. Kuma ƙofar tana raguwa cikin mako shida zuwa takwas na farko, don haka awon ranar sallama ba zai yi daidai da na bayan wata biyu ba. Da dare ana haɗa jakar da wata babba a ajiye ta ƙasa da shimfiɗa, mai kwana a tabarma kuwa sai an yi masa dabarar ɗaga makwancinsa. Zafin bazara da gumi suna sa danƙo saurin saki, kuma jakunkunan da aka ajiye a ɗaki mai rufin kwano suna lalacewa tun ba a yi amfani da su ba, sai a nema musu wuri mai sanyi.

Haka nan a koya masa bambanta abin tsoro da wanda ba na tsoro ba. Ƙofa mai lafiya ja ce, mai damshi, kamar cikin kumatu, ba ta da zafi in an taɓa, takan ɗan yi jini kaɗan wajen gogewa. Farin yauƙi da ke yawo a cikin fitsarin ba mugunya ba ce, hanji ne ke aikinsa da ya saba. Amma idan ƙofar ta yi baƙi ko ta yi shuɗi, ko fitsari ya tsaya na sa'o'i, ko zazzaɓi ya zo da ciwon kwiɓi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, to ba a jiran gari ya waye, ba a kuma tsayawa a kemis. A nan muna da wata damuwa ta musamman: duk zazzaɓi a wurinmu na cizon sauro ne, sai a sha magani kwana uku ana jira, alhali ƙoda ce ke ci. Sai shan ruwa. Da yawa sukan rage sha don jaka ta daina cika, wannan kuwa shi ne babban kuskure, domin ruwan ne ke wanke hanyar. Ana so a sha kamar lita biyu a yini, fiye da haka a lokacin zafi, sai fa in likita ya hana. Ɗaukar kaya mai nauyi, kamar buhu ko jarkar ruwa, a dakata da shi aƙalla mako shida zuwa takwas, in ba haka ba ƙaba na iya fitowa a gefen ƙofar. Bayan shekaru ma ana bukatar gwajin jini lokaci-lokaci don duba ƙoda da sinadarin bitamin B12, wanda yakan ragu ga wanda aka yanki hanjinsa.

Akwai tambayar da maras lafiya ba ya yi wa likita, amma ita ce ke hana shi barci: shin sallata tana karɓuwa? Mun tarar da waɗanda suka bar salla gaba ɗaya suna kuka, wai su ba su da tsarki. Mu ba malamai ba ne, ga malamai nan zaune a gabanmu. Abin da muka sani shi ne, fiƙihun da ake karantarwa a zaurukanmu bai bar wannan babi ba. Hukuncin mai yoyon fitsari sananne ne tun daga Risala, kuma sauƙi aka yi masa. Roƙonmu ga malamanmu shi ne su ɗauki wannan mas'ala su yi bayaninta a fili a wajen karatu, su haɗa da batun azumi ga wanda ƙodarsa ba ta jure ƙishirwa, su kuma taka su je gidan irin waɗannan bayin Allah. Kalma ɗaya daga bakin liman ta fi bayaninmu goma.

Game da wanda zai koyar, akwai darasi a tarihin wannan fanni. Mutum na farko da ya riƙi kula da masu irin wannan ƙofa a matsayin sana'a ba likita ba ne, ba kuma nas ba ce. Wata matar aure ce a jihar Ohayo ta Amurka, Norma Gill, wadda ita kanta aka yi wa ƙofa a ciki saboda ciwon hanji. A 1958 likita Rupert Turnbull ya ɗauke ta ta riƙa koya wa marasa lafiyarsa, a 1961 suka buɗe makarantar horar da wasu. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mutumin da aka ce gobe za a cire masa mafitsara, babu abin da zai kwantar masa da hankali kamar ya ga wani ya shigo da babbar riga, ya gaisa, ya zauna, sun yi hira, sannan ya ɗaga riga ya nuna masa jaka ya ce shekarata huɗu da ita, ina noma, ina zuwa kasuwa. Muna da irin waɗannan mutane a ƙasar nan tamu, sai dai kowannensu yana ɓoye, yana zaton shi kaɗai ne.

Abin da muke nema daga wannan ƙungiya bai kai gina aji ko haƙa rijiyar burtsatse tsada ba. Jakunkunan nan daga waje ake shigo da su, ba a samun su a kemis ɗin ƙauye, farashinsu kuma yana bin canjin kuɗi, ga shi mutum zai buƙaci kamar takwas zuwa goma kowane wata har ƙarshen ransa. Idan reshenmu na birni ya riƙa sayo su da yawa a farashin sari, a ajiye a asibitin garinmu ƙarƙashin kulawar mutum ɗaya amintacce, mai hali ya saya a kan kuɗin da aka sayo, maras hali a ɗauke masa daga asusun taimako, to an toshe ramin da dattijon nan ya faɗa. Muna kuma so ƙungiya ta ɗauki nauyin tura ma'aikatan jinya biyu, namiji da mace, su je asibitin koyarwa su yi 'yan makonni suna koyon wannan aiki, domin mace ba za ta buɗe cikinta ga namiji ta yi tambayar da ke ranta ba. Su ne za su riƙa zagayawa gida a makon farko bayan sallama, su riƙe lambar waya da za a kira ko da tsakar dare. Mu kuma a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin rubuta bayanin nan da Hausa, da boko da ajami, da zane-zane, mu kuma naɗe shi da murya don a tura ta waya ga wanda ba ya karatu.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya shafi yaranmu. Maganin tsargiya, wato farazikwantal, ana raba shi kyauta a makarantu a yankunan da cutar ta yi yawa, amma almajirai da yaran da ke kiwo ko aikin fadama sukan tsallake rabon, su ne kuwa suka fi shiga ruwa. Muna roƙon iyayenmu dagatai da masu unguwanni, duk ranar da masu rabon suka zo, a sa mai shela ya zaga, a kai su har tsangayu da rugage. Babba kuma da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, kada ya ce tsohuwar tsargiyar yarinta ce ta motsa. Ya je a yi masa hoton ciki, in ta kama a leƙa mafitsarar da na'ura, domin ciwon da aka tarar bai kama naman bango ba ana iya kankare shi a bar wa mutum mafitsararsa.

Mun miƙa wa sakataren ƙungiya takardar ƙiyasin abin da ajiyar jakunkuna da horar da ma'aikatan biyu za su ci, muna fata kwamitin kuɗi zai duba ta kafin a tashi daga wannan zama. Wanda kuma yake da tambayar da ba ya son yi a cikin taro, za mu zauna a ofishin shugaban makaranta bayan la'asar, 'yan'uwanmu mata ma'aikata kuma suna ajin da ke kusa da shi.